Nikotin da hanyoyin jini: abin da aka tattauna

Jama'a, magana ta yi tsawo a muhawarar da aka yi kan yadda nikotin, sinadarin da ke cikin taba, ke shafar hanyoyin jini. Ga abin da na tsinto:

1. An yarda cewa cikin kowace jijiyar jini akwai shimfiɗar ƙwayoyin halitta, siririya ƙwarai. Ita ke fitar da sinadarin naitirik oksaid mai sa jijiya ta saki jiki, jini ya wuce salin-alin.

2. Nikotin yana rage wannan sinadari, ya kuma tunzura adiranalin, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita. Sai jijiya ta tsuke, zuciya ta ƙara gudu, awon jini ya hau. Wani ya ce da ya zuƙi karan sigari ɗaya yake jin yatsunsa sun yi sanyi.

3. Idan shimfiɗar ta ƙuje, kitse ya samu wurin maƙalewa, jini ya riƙa daskarewa. Ma'aikatan jinya sun ƙara da jinkirin warkewar rauni da raunin mazakuta. Nan fa maza suka yi tsit!

4. Inda aka rabu: wasu sun ce hayaƙin ne babban mai laifi, shi ya sa cingam ɗin nikotin ya fi sigari sauƙin illa ga mai son dainawa. Wasu suka ce nikotin kansa ba kanwar lasa ba ne.

Masu kare shisha kuwa, ba su samu magoya baya ba.