Musayar Waƙa: Shimi da Kanwa

Tsohon Tela, Bagalam:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "wa" ne. Jikata tana lise, tana karatun shimi, wato ilimin sinadarai, ga ƙorafina.

Yarinya ta kwana kan littafin shimi,
Tana kiran sunaye masu yawa.
Idrojen, oksijen, 'ya'yan wane ne?
Ban taɓa ganinsu a rumfar kasuwa.
Kuɗin lakwal na biya har na gaji,
Ku faɗa mini ribar da ke zuwa.

Mushen Shimi, Ali Ɗan Sofo:
Baba, a gafarce ni, ka san su sarai,
Ka sha su ɗazu cikin moɗar ruwa.
Idrojen biyu, oksijen guda,
Su ne a randar da ke cikin inuwa.
Mendeleyef na Rasha, a 1869,
Ya jera sinadarai, ya iya tsarawa.
Ya bar gurabe ya ce masu su na tafe,
Galiyom ya iso, aka daina musawa.
Yau 118 ne a jadawalin,
Na 92, iraniyom, shi Arlit ke haƙowa.

Hajiya Mai Zoɓo, Sabon Gari:
Mushe, ka kai Baba Rasha, ina ruwansa da can? Dawo gida.

Ɗiyata ta zo da gwajin ajinsu,
Ta ɗebi zoɓon da nake sayarwa.
Ta matsa lemun tsami, ya yi ja wur,
Ta jefa kanwa, launi na sakewa.
Ya koma kore-kore mai duhu,
Wai asid da baz yake tonawa.
Bakwai ne tsakiya a ma'aunin pH,
Tsamiya na ƙasa, sama sai kanwa.

Wanda ta sa wa kanwar dai bai sayu ba, wa zai biya ni?

'Yar Tarminal D, Zariya:
Inna, ku dariya, mu kuka,
Lissafin mol ke sa mu ramewa.
Giram 18 na ruwa mol guda ne,
Ƙwayoyin cikinsa sun wuce ƙirguwa:
6,02 × 10²³, ka haddace,
Ranar bak babu mai tunasarwa.
Kwalaben gwaji a allo muke gani,
Alli ya zana, tsumma na gogewa.

Manomin Tibiri:
Ni buhun takin ure na sani, 46 a jiki,
Azot ne, in ji masu karantawa.
Gero na so, gyaɗa ba ta damu ba,
Saiwarta daga iska take samowa.

Mai Karofi, Mokoyo:
'Yar lise, ga tawa, ki warware.
Zane na fito daga baba kore-kore,
In shanya shi, shuɗi na bayyanawa.
Wa ya rina shi bayan na gama?

'Yar Tarminal D:
Kawu, ka yanke baiti, saura layi!

Tokar da ka zuba baz ce, kamar kanwa,
Ruɓin rijiya ke sa baba narkewa.
Da zane ya sha iska, oksijen ya kama,
Shuɗin ya dawo, ba ya wankuwa.

Hajiya Mai Zoɓo:
Mushe, nawa ka ba ta cikin 20?

Mushen Shimi:
16. Ba ta rubuta lissafin haɗuwar ba.