Wane suna zan sa mata? Ku ba ni shawara

Amaryar Bara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Cikina ya shiga wata takwas, likita ta ce mace ce in Allah ya yarda. Ni da maigidana mun kasa tsayar da suna. Shi sunan mahaifiyarsa yake so, ni kuma ina son gajeren suna mai daɗin faɗi wanda bai yi yawa a gari ba. Na kwaso wasu a intanet: Afnan, Rayyan, Abrar, Asiya, Zaniya. Don Allah waɗanda suka riga mu ku ba ni shawara.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ki lafiya. Kafin komai, goge na ƙarshen nan yanzu-yanzu.

Amaryar Bara: To fa. Me ya faru, Anti? An rubuta wai yana cikin Alƙur'ani.

Malamin Larabci: Yana ciki, ƙanwata, a aya ta 2 ta Suratun Nur, amma ma'anarsa mazinaciya. Fir'auna ma yana cikin Alƙur'ani, haka Ƙaruna da Hamana. Kasancewar kalma a cikin Littafi ba ya mayar da ita suna. Masu haɗa jerin nan na intanet da yawansu kwafa suke yi daga juna, wani ma bai san alif ba, sai ya liƙa wa kowace kalma "fure" ko "haske" ko "kyautar Allah". Sauran huɗun babu matsala. Afnan rassan bishiya ne, ya zo a aya ta 48 ta Suratur Rahman wajen siffanta Aljanna. Rayyan sunan ƙofar Aljanna ce ta masu azumi, hadisin yana Bukhari da Muslim, sai dai maza aka fi sa wa. Abrar jam'i ne, mutanen kirki. Asiya kuwa a kula da harafin farko. In da alif mai ja ne, sunan matar Fir'auna ce, mumina. In da ainun da sadun ne, mai saɓo kenan, kuma shi ne sunan da Annabi (SAW) ya canza wa wata 'yar Sayyidina Umar ya mayar da ita Jamila, kamar yadda ya zo a Muslim. A boko duk iri ɗaya ake rubuta su, don haka ki san wanda kika nufa.

Amaryar Bara: Innalillahi. Wallahi Zaniyar na fi so a cikinsu saboda daɗin faɗi. Na gode, Malam.

Kakar Yara: 'Yata, ni ina bayan mijinki. Me sunan uwarsa ya yi? Mace ta ɗauki cikinsa, ta raine shi, yau ya samu 'ya yana so ya faranta mata, ki bar shi mana. Sunayen nan naku na yayi kamar ɗinki ne, bana ana rububi, baɗi an wuce wurin. Khadija da Maryam da A'isha fiye da shekara dubu ana sa su, har gobe ba su tsufa ba.

Maman Biyu: Hajiya, da girmanki, amma ita ma ita ce za ta yi naƙudar. Kuma ba mu ma ji sunan surukar ba tukuna.

Abu Haidar: A shari'a dai in aka yi saɓani, haƙƙin uba ne. Ibnul Ƙayyim ya faɗi haka ƙarara a littafinsa Tuhfatul Maudud, wanda ya rubuta kacokan kan hukunce-hukuncen jariri. Duk mai jiran haihuwa ina ba shi shawarar ya neme shi, ko ya sa wanda ya iya Larabci ya karanta masa babin suna kawai. Ba shi da tsawo.

Malamin Larabci: Haka ya faɗa, amma kada maza su mayar da shi sanda. Matar Imrana ita ta raɗa wa 'yarta suna Maryam da bakinta, yana nan a aya ta 36 ta Ali Imrana. Haƙƙi daban, kyautatawa daban. Mutumin da ya tsayar da suna bai ko tambayi matarsa ba bai yi haram ba, amma bai kyauta ba.

Anti Alheri: Bari in sa baki, ni Kirista ce. Wannan ja-in-ja da dangi ba yau aka fara ba. A Linjilar Luka sura ta 1, da aka haifi ɗan Zakariya, dangi da maƙwabta suka so a sa masa sunan ubansa. Uwar ta ce a'a, Yohanna za a kira shi. Suka ce ai babu mai wannan suna a danginku. Aka juya wajen uban, a lokacin ba ya iya magana, ya nemi allo ya rubuta sunan da matarsa ta faɗa. Abin da nake ɗauka a ciki, ku biyu ku daidaita a ɗaki tukuna, kafin kowa ya ji. In kuka fito da baki ɗaya, dangi surutu kawai za su yi su gaji.

Abu Haidar: Ikon Allah, Anti. Mu ma a Suratu Maryam aya ta 7 an ce ba a taɓa sa wa wani sunan Yahaya ba kafin shi. To sabon suna ba laifi ba ne kenan, in dai ma'anar tana da kyau.

Malamar Firamare: Ni daga aji zan yi magana. Kowace safiya ina kiran rajista, kuma na ga abin da suna yake yi wa yaro. Akwai shekarar da na samu Fatima biyar a aji ɗaya, in na kira ɗaya duk su ɗago kai, dole muka koma doguwa da gajera da mai tabarau. Yaran ba su ji daɗi ba, musamman gajerar. Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da kowane sabon malami sai ya tsaya a kan sunansa, ya gwada, ya kasa, aji ya fashe da dariya. Za ki ga tun kafin a zo kan layinsa ya sunkuyar da kai yana murza fensir, yana jiran abin ya wuce. Shawarata guda uku ce. Ki tsaya a bakin ƙofa ki ƙwala kiran sunan da ƙarfi, kamar yarinyar ta yi nisa. Ki ba tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku ta faɗe shi, duk yadda ya fito daga bakinta haka za a riƙa kiransa. Sannan ki zauna ki nemo duk kalmar banza da ta yi kama da shi, domin in ke ba ki nemo ba, 'yan aji uku za su nemo cikin mako guda.

Ɗan Autan Zaure: Malama ta gama magana. Ni sunana na makaranta da sunan da ake kira na a gida daban ne, har na shiga aji ɗaya ban san na gaskiyar ba. Aka yi ta kira ina zaune ina kallon malami.

Mai Harkar Biza: Dariya kuke yi, amma nan ne aikina yake, kuma nan ne mutane suke kuka. Yaro yana da suna a takardar haihuwa, wanda ya kai shi makaranta ya rubuta sunan gida, ya yi jarrabawa da shi, ranar da zai nemi fasfo takardu su ƙi haɗuwa. Sai rantsuwa a kotu da zirga-zirga, wani har gurbin karatu ya wuce shi. Ku tsayar da rubutu ɗaya tun ranar farko, harafi da harafi, ku ɗauki hotonsa a waya, duk wanda zai cike wa yaron fom ku tura masa. Muhammad da Mohammed da Mohammad a wajenmu suna ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum uku ne. Ko hukumar ƙididdiga ta Birtaniya daban-daban take lissafa su, kuma duk da haka a 2023 Muhammad shi ne ya zo na ɗaya a sunayen jarirai maza a Ingila da Wales, yara sama da 4,600.

Wani abu kuma, ku duba ƙasan shafin fasfo, akwai layi biyu da na'ura take karantawa. Kowane layi gurbi 44 ne, kuma 39 kawai aka ware wa suna gaba ɗaya, har da na mahaifi. Babu ƙ, babu ɗ, babu waƙafin sama a wurin. Sa'adatu za ta koma SAADATU. In kuka jera wa yaro suna huɗu dogaye, na ƙarshen guntule shi za a yi. Ban ce a guji irin waɗannan sunaye ba, 'yata ma tana da waƙafin a sunanta, amma a san da haka.

Maman Biyu: Yaya, wannan bayani ya kamata a manna shi a saman zaure.

Ɗan Autan Zaure: Tambaya: gwamnati tana iya hana mutum sa wa ɗansa sunan da ya ga dama?

Mai Harkar Biza: Ya danganta da ƙasa. A Faransa wata kotu ta taɓa hana iyaye sa wa 'yarsu Nutella, sunan wani abin shafa wa burodi, alƙali ya mayar da ita Ella. Niyu Zilan ba ta karɓar sunan da ya yi kama da muƙami ko sarauta, kuma takan fitar da jerin waɗanda ta ƙi. Wanda yake zaune a wata ƙasa ya tambayi ofishin rajistar haihuwa kafin ya sanar da dangi.

Ma'aikaciyar Jinya: Tunda an zo kan rajista, don Allah kada a yi wasa da ita. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, sashe na 7, ta ce a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, kuma yana da haƙƙin suna tun daga haihuwa. Sannan Amarya, ki tanadi sunan namiji ko da guda ɗaya ne. Hoton ciki yakan yi kuskure, ba kullum ba, amma na ga an shigo da kaya ruwan hoda an fita da ɗa namiji.

Amaryar Bara: Hahaha, Anti kada ki sa ni a uku. In namiji ne mun riga mun yarda, Abdul.

Malamin Larabci: Abdul me? Ai rabin suna ne, "bawan" kika ce kika yi shiru. Ku cika shi. Hadisi a Muslim ya ce sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. A kula kuma abin da zai biyo bayan Abdul ya zama sunan Allah ne tabbatacce, ba a bautar da yaro ga wani ba.

Kakar Yara: Malam, to wanda aka riga aka sa masa suna marar kyau fa? Akwai jikar ƙawata, sai da ta girma aka gane.

Malamin Larabci: A canza, Hajiya, babu kunya a ciki, kuma ba sai an yi wani taro ba. Annabi (SAW) ya canza wa manya ma. Zainab bint Jahsh da Juwairiyya duk Barra ne sunansu na farko, ya canza musu, na Zainab saboda sunan yana nuna yabon kai. Akwai kuma kakan Sa'idu bin Musayyib, sunansa Hazn, wato ƙasa mai tauri da gargada. Annabi ya ce masa kai Sahl ne, mai sauƙi. Hazn ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu da kansa ya ce wannan taurin bai bar gidansu ba bayan nan. Bukhari ya kawo shi. Sai dai a yau in za a canza, a bi ta kan takardu, kamar yadda mai biza ya faɗa.

Baban Yara Huɗu: Ni abu ɗaya zan ƙara. Muna zaɓen suna muna kallon jaririya cikin tawul, mun manta wata rana za ta shekara hamsin, ta zama likita ko shugabar makaranta ko kakar wasu. Ki ɗora "Dakta" ko "Malama" a gaban sunan, ki haɗa da na ubanta, ki ji ko ya zauna. Akwai sunayen da suke da daɗi a kan 'yar shekara biyu, amma dattijuwa ba za ta iya gabatar da kanta da su a gaban mutane ba. Kuma a guji sunan tauraron da ake yayi bana. Ba ka san abin da zai aikata baɗi ba, ɗanka kuwa yana nan da sunan.

Anti Alheri: Kuma ba dole sai an tafi wani harshe ba. Alheri, Godiya, Murna, Salama, Nasara, kowa ya ji ya san abin da ake nufi, ba sai an nemo malami ya fassara ba.

Maman Biyu: Har yanzu dai ba ki faɗa mana sunan surukar taki ba.

Amaryar Bara: A'isha ne. Ni ba ƙin sa nake yi ba, yawansa ne ya dame ni, a gidansu kaɗai akwai uku. Na tura wa maigidana maganganunku, ya ce a sa biyu, A'isha Afnan, duka a takarda, a riƙa kiran ta da na biyun.

Kakar Yara: Madalla. Allah ya raya, ya sa ta gaji mai sunan.

Mai Harkar Biza: To saura rubutu. Akwai A'isha, Aisha, Aishatu, Ayesha, Aishah. Ku zaɓi ɗaya yau ku rubuta a takarda, ku ba wanda zai je rajista a hannunsa, kada ya faɗa da baki. Kuma ya karanta abin da ma'aikacin ya buga kafin ya sa hannu ya baro wurin.

Baban Yara Huɗu: Kafin a watse, matar ƙanena tagwaye ake sa ran za ta haifa, duka maza, kuma ba ya son sunaye masu kama da juna.

Malamar Firamare: Ya yi daidai. Ya tabbatar ma harafin farkonsu ya bambanta. Na taɓa samun tagwaye masu harafin farko ɗaya da sunan uba ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, aka shigar da makin ɗaya a takardar ɗayan, sai da uwarsu ta zo da littattafansu muka zauna muka warware.