Abin da yaro ya ɗora a fili, ya zama na kowa?

Maman Biyu: Salamu alaikum. Ina neman shawara. 'Yata mai shekara 15 tana zane a waya, tana ɗorawa a Instagram. Jiya ƙawarta ta turo mata hoton wani shafi mai sayar da riguna, sai ga zanenta a ƙirjin riga, an goge sunanta da take sa wa a ƙasa. Ta yi musu magana, suka ce a intanet suka tsinta. Tun jiya take kuka. Akwai abin da za a iya yi?

Kawun Yara: Wa'alaikumus salam. Hajiya, a ba ta haƙuri, amma gaskiya ɗaya ce. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk abin da ka ɗora a shafin da ba ka kulle ba, ka sadaukar da shi, ya zama na kowa. Da tana son abinta da ta bar shi a wayarta.

Ɗalibar Shari'a: Kawu, da girmanka, wannan maganar ba haka take ba. A bar mutane su ga abu daban, a ba su shi daban. Haƙƙin mallaka yana hawa kan zane ne tun lokacin da aka gama zana shi, ba sai an yi rajista ba, ba sai an sa wata alama ba. Wannan ƙa'ida tana cikin Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886, kuma yau ƙasashe sama da 180 ne a cikinta. Mafi ƙarancin wa'adin da ta gindaya shi ne tsawon ran mai aikin da ƙarin shekara 50 bayan rasuwarsa. Amurka da Tarayyar Turai ma 70 suke bayarwa.

Kawun Yara: 'Yata, wannan ai na manyan marubuta ne da mawaƙa. Yarinyar da ko katin zaɓe ba ta isa yi ba?

Ɗalibar Shari'a: Dokar ba ta tambayi shekaru ba, Kawu. Wanda ya ƙirƙira shi ne mai abu, ko ɗan shekara 9 ne. Inda shekaru ke shigowa shi ne wajen ƙulla yarjejeniya ko shigar da ƙara, nan ne ake buƙatar iyaye su tsaya mata.

Mai Kyamara: Kawu, in ka yi shanya a waje, mai wucewa ya ga rigarka, ta zama tasa ke nan? Ko tsintuwa ai cigiya ake yi. Bari in ba ka labarin da duk mai sana'armu ya sani. Da aka yi girgizar ƙasa a Haiti a Janairun 2010, wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar, Daniel Morel, ya ɗora hotunansa ta Twitter. Wani ya kwashe ya sake ɗorawa kamar nasa, kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauka daga nan ya rarraba, kamfanin sayar da hotuna na Getty ma ya sayar wa jaridu. Da magana ta kai kotu a New York, hujjar AFP ita ce irin taka: ai ya ɗora a fili, ƙa'idojin Twitter sun halatta. Kotu ta ce a'a. A Nuwamban 2013 aka yanke a biya shi dala miliyan 1.2 a kan hotuna takwas. In kamfani mai ofisoshi a duniya da tarin lauyoyi bai tsira da "a intanet na tsinta" ba, mai riguna ne zai tsira?

Kawun Yara: To ai ka faɗa da bakinka. Kusan shekara huɗu yana shari'a, a New York, da lauyoyi. Hajiya za ta yi haka a kan riga? Haƙƙin da ba ka da ƙarfin karɓa, sunansa kawai haƙƙi. Ni abin da yake faruwa nake faɗa, ku kuna faɗin abin da ke cikin littafi.

Malamin Aji: A nan kam ina ganin Kawu yana da ƙamshin gaskiya. Ina koyar da 'yan shekara 14 zuwa 17, kuma kusan babu wanda bai taɓa rasa wani abu haka ba: hoto, waƙar da ya rubuta, ɗan bidiyo. Ban taɓa ganin wanda aka biya ba. Sannan akwai abin da ba a faɗa ba tukuna. Lokacin da ta buɗe shafin, ai ta danna "na amince". Wa ya san abin da ta amince da shi?

Ɗalibar Shari'a: Malam, an san shi, a rubuce yake, karantawa ce ba a yi. Ƙa'idojin Instagram sun ce ba su mallaki abin da ka ɗora ba. Lasisi kake ba su: su ajiye, su nuna, su rarraba a ko'ina a duniya ba tare da sun biya ka ba, kuma suna iya miƙa wannan izinin ga wasu. Lasisin yana da faɗi, ni ma ba ya min daɗi. Amma kamfanin aka ba, ba duk mai wucewa ba. Shi ya sa in ka danna maɓallin rabawa da ke cikin manhajar, kana cikin abin da aka yarda. In ka sauke zanen, ka goge suna, ka buga a riga kana karɓar kuɗi, ka fita.

Kuma Kawu, ba sai an je kotu ba. Akwai fom na kai ƙorafin haƙƙin mallaka a cikin Instagram. Tushensa wata dokar Amurka ce ta 1998 da ake kira DMCA: kamfani yana samun kariya daga ƙara ne muddin yana sauke abin da aka sanar da shi cewa na sata ne. Don haka saukewar amfaninsu ce, ba alfarma suke yi ba. Wanda aka sauke wa yana iya musantawa, in ya musanta a hukumance ana mayar da abin bayan kwanakin aiki 10 zuwa 14 sai dai in mai ƙorafi ya shigar da ƙara. Amma shafin da aka yi ta kamawa, rufe shi ake yi.

Maman Biyu: Alhamdu lillahi. Bari in ce ta cike fom ɗin yanzu.

Mai Kyamara: Hajiya, dakata! Kada ita ta cike. Na sha cikewa, na san yadda yake. Suna tura wa wanda ka kai ƙara sunan mai haƙƙin da adireshin imel ɗin da aka rubuta. Ke nan mutumin da ya sace zanen yarinya zai samu cikakken sunanta da hanyar da zai same ta kai tsaye. Ke ki cike a matsayin mai wakiltarta, da imel ɗin da ba wanda take amfani da shi ba. Kafin nan ku ɗauki hoton shafin nasu da ranar da suka ɗora, ku adana ainihin fayil ɗin zanen da ke wayarta, wanda yake nuna ranar da ta yi shi. In sun ji motsi za su iya gogewa.

Kawun Yara: Kun gani? Garin neman haƙƙin riga za a miƙa wa baƙo sunan yarinya. Ni dai maganata tana nan: yaro ba shi da abin yi da buɗaɗɗen shafi.

Ɗalibar Shari'a: To Kawu, ai wannan wata maganar ce daban, kuma a ita ban ƙi taka ba. Da farko cewa ka yi abin ya zama na kowa. Yanzu kana cewa buɗe shafi yana da hatsari. Ta biyun gaskiya ce. A Satumban 2022 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci Instagram tarar Yuro miliyan 405, kuma babban dalilin shi ne 'yan shekara 13 zuwa 17 da suka mayar da shafinsu na kasuwanci, sai lambar wayarsu da imel suka fito fili. Yaran kuwa da yawa don su ga adadin masu kallo kawai suka mayar. Bayan shekara guda hukumar ta ci TikTok Yuro miliyan 345, saboda a lokacin shafukan yara a buɗe suke tun daga farko sai in yaro ya kulle da kansa. Ka lura, hukumar ba ta ce laifin yaran ba ne da suka ɗora. Kamfanin da ya bar ƙofa a buɗe ta kama.

Maman Biyu: Innalillahi. Nata ma na kasuwanci ne, wai don a riƙa ba ta aikin zane. Bari in duba ko lambarta tana kai.

Malamin Aji: Ki duba har da shekarar haihuwar da ta sa, Hajiya. Tun Satumban 2024 Instagram ta fara kulle shafukan 'yan ƙasa da 18 da kanta, 'yan ƙasa da 16 kuma ba sa iya sassautawa sai da izinin iyaye. In nata a buɗe yake ba ki taɓa ba da izini ba, wataƙila manhajar tana ɗaukarta babba ce. Yawancin ɗalibaina sun buɗe shafi tun suna 11 ko 12, suka ƙara wa kansu shekara goma don su tsallake ƙa'idar cewa sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi. Ita wannan 13 ɗin ma daga dokar Amurka ta COPPA ta samo asali, wadda ta hana tattara bayanan 'yan ƙasa da 13 ba da yardar iyaye ba. Yaro ya yi ƙarya sau ɗaya yana ɗan 11, duk wata kariyar da aka tanadar wa yara ta wuce shi har ya girma.

Auta: Don Allah a ba ni dama, ni shekarata 17. Kowa yana cewa a kulle, a kulle. In ta kulle wa zai ga zanen? Mai zane da ba a ganin aikinsa ai bai fara ba. Manya suna tallar sana'arsu a buɗe, mu an ce mu ɓuya, kuma in an sace a ce mu muka jawo. Ɓarawon fa, shi ba a ce masa komai?

Kawun Yara: Auta, ku da kuke ɗora bidiyo da waƙoƙin mutane dare da rana, kun taɓa biyan wani mawaƙi? Laifi tudu ne. In na kowa ne a hannunku, to naku ma na kowa ne.

Auta: Kawu ai ina rubuta sunan mai waƙar, kuma ina sa "ba ni da haƙƙin wannan waƙa".

Ɗalibar Shari'a: Ƙanena, a nan Kawu ya kama ka. Wannan rubutun ba ya kare kowa, hasali ma shaida ce ka rubuta da hannunka cewa ka san ba taka ba ce. Ambaton suna ladabi ne, ba izini ba ne. Abin da ke kare ka shi ne in ka zaɓi waƙar daga cikin jerin da manhajar ta tanada, domin kamfanin ya riga ya yi yarjejeniya da masu waƙoƙin, kuma galibi don amfanin kai ne, ba don talla ba. In ka sauke bidiyon ka kai YouTube, wata shari'ar ce. Suna da na'urar Content ID tun 2007, tana gane waƙa cikin daƙiƙoƙi, mai waƙar ya zaɓa: ko a toshe, ko kuɗin tallar ya tafi wurinsa. In kuwa ƙorafin saukewa aka kai, gargaɗi uku cikin kwana 90 suna iya rufe tasha. A 2003 ma kamfanonin waƙa na Amurka sun kai ƙarar wata 'yar shekara 12 a New York kan musayar waƙoƙi a intanet ba izini, mahaifiyarta ta biya dala 2,000 aka rufe maganar.

Amma Kawu, ka duba inda hujjarka ta kai ka. In ɗora waƙar wani ba izini laifi ne, to buga zanen yarinya a riga ma laifi ne. Ba zai yiwu doka ta yi aiki a kan yaro in ya ɗauka, ta yi barci in an ɗauki nasa ba.

Kawun Yara: Ai haka take yi. Mawaƙi yana da na'ura mai gadi dare da rana, yarinya tana da fom da uwa mai kuka tare da ita. Na yarda a takarda nata ne. A takarda.

Mai Kyamara: Wannan "a takarda" da kake rainawa, da shi na sa aka sauke hotunana sau da dama ba tare da na ga ƙofar kotu ba. Kuɗi ne ban samu ba, wannan gaskiya ne. Hajiya, nan gaba ta riƙa ɗora ƙaramin kwafi marar kaifi, wanda in an buga a riga zai dushe, sunan kuma ta sa shi a tsakiyar zanen inda gogewa za ta ɓata shi. Sai dai ku sani, in salon kawai suka kwaikwaya suka zana nasu, babu ƙorafi. Doka tana kare zanen da aka yi, ba ta kare dabara ko salo.

Maman Biyu: Ba kwaikwayo ba ne, har ɗan kuskuren da ta yi a yatsan hannu yana nan. Na duba, lambarta tana kan shafin, mun cire yanzu. Shekarar haihuwa kuma ta sa 2000. Na ce ta gyara ta kulle, ta ce za ta gyara amma ba za ta kulle ba. Har ta ce min wai ni ma hotunanta na yarinta da na ɗora a Facebook ban nemi izininta ba.

Ɗalibar Shari'a: Anti, ta iya shari'a! A haƙƙin mallaka hotunan naki ne, tunda ke kika ɗauka. A sirri kuma fuskarta ce. Faransa ta yi doka a Fabrairun 2024 da ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton ɗansu, tare da shigar da shi cikin shawara gwargwadon shekarunsa.

Kawun Yara: To, yau kuma 'ya'ya ne za su ba iyaye izini. Allah Ya kyauta. Hajiya, in sun sauke rigar ki sanar da mu, ni ina nan ina jira.

Maman Biyu: Na tura fom ɗin da sunana. Hotunan Facebook kuma 41 ne, tana zaune kusa da ni tana nuna waɗanda za a goge. Mun kai na 12, ta bar guda ɗaya.