Matasan cocinmu sun watse, dattawa sun hana waya, ku ba ni shawara don Allah

Malamar Matasa (Aboabo):
Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, maganar ce ta hana ni barci. Ni ke riƙe da matasa a wani ƙaramin coci a Aboabo nan Kumasi, ba zan faɗi suna ba. Mutanenmu yawanci daga arewa suka zo, Kusasi da Frafra da Busanga sai 'yan Najeriya kaɗan, shi ya sa tun farko da Hausa ake sujada don ita ce kowa ke ji. Ni ma iyayena daga wajen Garu suke amma nan aka haife ni. Asali ba ni ce da aikin ba, wata Anti ce ke yi, da ta yi aure ta koma Tamale aka rasa mai karɓa, aka nemi wani ɗan'uwa ya ce gadi yake yi da dare ba zai iya ba, aka nemi matar fasto ita kuma lokacin tana da tsohon ciki ga Zumuntar Mata a kanta, ƙarshe dai aka ce ni, tunda na gama sakandare kuma shagon ɗinkina na kusa da coci. Ban taɓa shiga makarantar Baibul ba, na karɓa ne kawai don ina tausayin yaran.

To ga matsalar. Yaranmu suna jin Hausa sarai, da ita suke wasa a layi da ita suke faɗa, amma ba su iya karanta ta ba. A makaranta Turanci da Twi ake koya musu, Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati a nan. In na miƙa wa yaro Littafi Mai Tsarki na Hausa ya karanta aya biyu sai ya yi ta tuntuɓe, sauran su kwashe da dariya, mako mai zuwa ba za ka gan shi ba. Kuma Hausar da ke ciki ta Najeriya ce, ta fi tamu ta zango zurfi. Sai na ce kowa ya buɗe manhajar Baibul ta YouVersion a wayarsa ya karanta da Turanci, daga nan mu tattauna da Hausa. Muka ɗauko Markus tunda babi 16 ne kawai kuma labari na bin labari. Gaskiya Allah ya yi aiki, har yaran da ke koyon gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai ta Suame, suka fara zuwa, mun kai wajen ashirin, tambayoyi kam har dare.

Ran nan wani dattijo ya leƙo ya tarar da wani yaro a baya yana duba cacar ƙwallo a waya. Shi ke nan. Dattawa suka zauna suka yanke cewa ba waya a coci, da Hausa kawai za a karanta, kuma kowane mako a haddace aya. Littafin Hausa huɗu ne a cocin gaba ɗaya, ɗaya ma Zabura ta ciccire. Yanzu in na samu yara biyar na gode, kuma ana cewa ni ce ban iya riƙe su ba. Akwai wata magana da ta shiga tsakanina da ɗaya daga cikin dattawan, wannan ba zan shiga ciki ba. In ajiye aikin ne, ko in riƙa tara su a shagona ran Asabar da yamma ba tare da na faɗa wa kowa ba, ko me zan yi?

Maman Biyu (Asawase):
Wayyo ƙanwata sannu. Abin da ke damuna ke nan ni ma. Nawa babban tunda ya tafi SHS, wato babbar sakandare, ta kwana ya shiga SU, ƙungiyar ɗalibai masu karatun Baibul, ya dawo hutu ya ce shi ba zai ƙara bin mu coci ba, wai ba ya ƙaruwa da komai. Yanzu trotro yake shiga ya tafi wani babban coci a cikin gari inda ake komai da Turanci, kuɗin motar ma ni yake tambaya. Ban ce SU ta yi laifi ba, aƙalla yana karatu da asuba. Amma ni na goya shi zuwa cocinmu, lokacin da ya kwanta ciwo matan zumuntarmu ne suka haɗa kuɗi, yau ko gaishe su ba ya tsayawa yi. Ubansa kuma ko a jikinsa, shi ma sai Kirsimeti da Ista. Ni dai addu'a nake yi.

Baba Tsohon Malami:
'Yata, na karanta duka. Ni na koyar da makarantar Lahadi tun ina saurayi a kudancin Kaduna kafin aiki ya kawo ni Kumasi, don haka ki saurare ni. Na ɗaya, maganar tara yara a shago a ɓoye ki cire ta daga ranki yau ɗin nan. Ki buɗe Ibraniyawa 13:17, an ce mu yi wa shugabanninmu biyayya domin su ne za su ba da lissafi a kan rayukanmu. Na biyu, dattawanki sun yi daidai. Matsalarki ba waya ba ce kuma ba Turanci ba ne, yaran ba su iya karatun Hausa ba, to ki koya musu mana! Baƙaƙen nan su ne dai na boko da suka sani, illa ɓ da ɗ da ƙ da 'y, sai ts. Yaron da ya ci BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ba zai kasa wannan cikin wata ɗaya ba.

Kin san wahalar da aka sha kafin Littafin nan ya zo hannunmu? Likita Miller da abokan aikinsa a Zariya sun yi shekaru suna fama, sai 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aka sake sabunta fassarar a 1979. Iyayenmu da wannan Littafin suka koyi karatu, a ajin dare da fitilar aci-balbal. Kuma ki dubi maƙwabtanmu a zangon nan. Da asuba yaransu na makarantar allo, da yamma na Islamiyya, suna haddace surori da Larabci wanda ba harshen gidansu ba ne, kin taɓa jin an ce a sauƙaƙa musu? Mu kuma aya ɗaya a mako ta zama abin kuka. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa 'ya'ya a zaune a gida, a kan hanya, a kwance, a tashe. Biyar ɗin da suka rage ki riƙe su da kyau, sauran za su dawo.

Malamar Matasa (Aboabo):
Baba na gode, amma kamar ba ku fahimce ni ba. Ni ban ƙi hadda ba, har a lokacin waya muna haddacewa. Kuma na gwada koya musu karatun Hausa tun farkon karɓata, ba su zo don ajin ABCD ba, sun ce sun gaji da makaranta. Awa ɗaya kawai nake da su a mako Baba. In na cinye ta a kan baƙaƙe yaushe za mu yi maganar Yesu? Akwai yarinyar da ta tambaye ni me ya sa Yesu ya yi kuka a kan gicciye cewa Allah ya yashe shi, a Markus 15 ta gani da idonta, ƙawayenta ma sun sha tambayarta irin wannan a makaranta ba ta da amsa. Yarinyar nan tun da aka hana waya ban ƙara ganinta ba.

Ɗan Magazin:
Baba da girmamawa amma ni ina cikin irin yaran da ake magana. Mu Litinin zuwa Asabar muna ƙarƙashin mota a Suame, maigida ba ya sallamarka sai duhu, Lahadi ce kawai ta wanki da hutawa. In na zo coci aka ba ni littafi na kasa karantawa ƙananan yara suna min dariya, me zai dawo da ni? Cacar ƙwallo kuma gaskiya ce tana cin samari, na san wanda ya saka kuɗin sifiya na kwastoma ya rasa aikinsa, amma hana waya awa ɗaya ba zai hana shi ba, da ya fita ƙofa zai kunna. Gara a yi mana maganar a fili. A Ayyukan Manzanni 8 Filibus da ya iske mutumin Habasha a keken doki tambayarsa ya yi ko yana gane abin da yake karantawa, ya hau ya zauna kusa da shi ya bayyana masa. Anti shawarata ki sauke Baibul na Hausa mai murya, akwai shi a manhajar Bible.is, waya ɗaya taki da ƙaramar sifika, kowa ya saurara. Dattawa sun samu Hausarsu, mu kuma ba wanda zai ji kunya.

Baba Tsohon Malami:
Ɗana, ka yi ƙoƙari da ka kawo aya, amma ka lura mutumin Habashan nan karatu yake yi da bakinsa daga littafin Ishaya, ba sauraron sifika ba. Wanda bai iya buɗe Littafi da kansa ba duk mai wa'azin da ya tsaya da lasifika a kasuwar Kejetia zai iya juya shi. Na ga wannan da idona sau da yawa. Kunya kuma ba ta kashe mutum, mu da bulala muka koya, ga mu nan har yau.

Anti Nas (Nima, Accra):
Ni tambaya gare ni kafin shawara. Ina fasto a duk wannan labarin? Kin ambaci matarsa, kin ambaci dattawa, shi me ya ce? Sannan maganar da kika ce ta shiga tsakaninki da dattijon, in ita ce tushen abin to duk shawarar da muke bayarwa a banza ne, don ba waya ake yaƙa ba ke ake yaƙa. Yaron da aka kama ɗan waye? A kan shago na yarda da Baba amma dalilina daban. Wasu yaran ba su kai 18 ba, ki tara 'yan mata da samari da yamma iyaye ba su sani ba, ko ba abin da ya faru bakin mutanen zango kaɗai ya ishe ki. Amma Baba maganar bulala ku bar ta, Afisawa 6:4 ma tana nan, an gargaɗi iyaye kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Kuma a Nehemiya 8 da Ezra ya karanta Shari'a ai Lawiyawa suna cikin jama'a suna bayyana ma'ana don mutane su gane. Mu a nan fasto kan karanta da Hausa, wani matashi ya maimaita da Turanci, ba wanda ya mutu.

Mai Waakye (Sawaba):
Ni ban ga abin wahala ba. Yaran sun iya karanta Twi tunda ana koya musu, Baibul na Twi kuwa ya girmi na Hausa, tun 1871 yake, kuma ko'ina a Kumasi za ki samu ki saya. Ku koma Twi kawai a huta. 'Ya'yana ma a gida da shi suke amsa min.

Maman Biyu (Asawase):
Twi kuma? A'a gaskiya. Mu da muka bar cocin unguwarmu saboda in ka yi magana a taro ana kwaikwayon bakinka ana dariya, shekara da shekaru ba a taɓa zaɓen ɗan arewa ko mai karɓar baiko ba, sai in za a share fili ko ɗaukar benci a tuna da mu. Don haka muka nemi inda za mu yi sujada da harshen da muke ji. Ba zan koma can ba.

Malamar Matasa (Aboabo):
Anti Nas, fasto mutumin kirki ne, ya ce in yi haƙuri zai duba, amma ba shi da ƙarfi a kan dattawa don su suka kafa cocin kafin a turo shi, yanzu ma ya tafi jana'iza arewa. Ɗayar maganar kuma na ce ba zan shiga ba, ba ta da alaƙa da wannan, ku yarda da ni. Shago kuma ba ɓoye-ɓoye nake nufi irin yadda kuka ɗauka ba, ƙofata a buɗe take a bakin hanya, yaran da kansu suke zuwa su zauna ina ɗinki, in sun tambaye ni abu daga Littafi in kore su ne? Ɗan Magazin na ji shawararka amma dokar cewa ta yi ba waya, ba ta ce ban da ta malama ba, kuma na san wanda zai fara tashi a kaina. Twi kuwa rabin iyayen ba za su yarda ba, kun dai ji Maman Biyu.

Baba Tsohon Malami:
To 'yata kin ga duk abin da aka kawo kin ce a'a. Ni maganata ɗaya ce ba ta canzawa. Ki je ki durƙusa wa dattawanki, ki roƙe su su sayo Littafi goma daga kuɗin baiko tunda su suka kafa dokar, ki ware minti 20 na farko don karatun baƙaƙe, sauran lokacin ki ci gaba da Markus ɗinki. In kina so ni da kaina zan shiga mota in zo in yi musu ajin farko, ban tsufa da wannan ba. Amma ajiye aikin Ubangiji don an ɓata miki rai, wannan ba na Kirista ba ne.

Anti Nas (Nima, Accra):
Baba durƙuson me, laifin me ta yi? Kullum mace ce za ta durƙusa. Ni ma haka aka yi min a ƙungiyar mawaƙa har na bari, yau shekara nawa ba wanda ya zo ya tambaye ni dalili.

Malamar Matasa (Aboabo):
Baba ban ce zan bar Ubangiji ba, aikin na ce, kuma ko shi ban yanke ba. Littafi goma kuwa na riga na roƙa tun bara aka ce sai an gama rufin kwano. An ce dattawa za su kira ni bayan sujada ran Lahadi, ban san ko fasto zai dawo kafin nan ba, in bai dawo ba ni kaɗai ce a gabansu. Biyu daga cikin yaran sun turo min saƙo ɗazu suna tambaya ko akwai zama ran Asabar, har yanzu ban ba su amsa ba.

Ɗan Magazin:
Anti in akwai ki faɗa min ƙarfe nawa, zan roƙi maigida ya sallame ni da wuri.

Mai Waakye (Sawaba):
Wai don Allah ina ake samun na Hausan ma a Kumasi, kuma sidi nawa ne yanzu? Surukata ke nema, mai manyan baƙaƙe.