Me ya sa zakaran Ingilishi ba ya cara kamar namu?

Ɗalibi daga Birni:
Assalamu alaikum malamai. Zakaran Damagaram kukuruku yake yi, na Faransa cocorico, na Ingila kuma cock-a-doodle-doo. Kalmomin kwaikwayon sauti na Ingilishi suna da ƙa'ida, ko haddacewa kawai ake yi?

Malamin Ingilishi, Zango:
Wa alaikumus salam, ɗana. Zakara ɗaya ne, kowane harshe dai da sautukansa yake kama kukan. Saurari ƙarshen kalma. Idan ta ƙare da p, t ko k, ƙarar gajeruwa ce, ta yanke nan take: pop, click, knock. Mai ƙarewa da sh ƙara ce mai fantsama, kamar splash, faɗawa ruwa tsundum. Mai ng tana amsa kuwwa: bang, clang. Wasali ma yana magana, don clink ƙarar cokali ce a kofin shayi, clank kuwa ta sarƙar tirela.

Malama, Sabon Gari:
Gaskiya ne, Malam, amma ba a nan yara ke faɗuwa ba. A Hausa sai mu ce "ya faɗi tim", tim ba ta canzawa. A Ingilishi kuwa kalmar aikatau ce cikakkiya, mai ɗaukar ed in abin ya wuce: buzz, buzzed. Drip tana ninka p, ta koma dripped. Hiss ba a ƙara mata komai sai ed.

Wani daga Garin Malam:
Sai lafazi. Bakinmu yana mai da p ta zama f, yana kuma cusa wasali, splash ta koma "sifilash". Gaɓa 1 ce tak, mun yi ta 3, ruwan ya daina fantsama. Riƙe takarda gaban leɓe ka ce pop. In ta motsa, ka kama.