Kalangu ya fasa min sauti, ina neman shawara

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren Asabar na ɗauki sautin wasan makaɗa a wani ɗakin taro a Rayfield, kusan awa biyu, da 'yar rikodata Zoom H1n. Da na dawo gida na sa a kunne, duk inda masu kalangu suka shigo sai sautin ya fashe, ƙarrr, kamar ana yaga buhu. In mawaƙin ya tsaya yana magana shi kaɗai kuma, sai wani shuu ya taso, ga gunjin janareto a ƙarƙashi. Mutanen nan sun yarda da ni suka ba ni izini, yanzu nauyin kai musu nake ji. Suna da wani wasan Asabar mai zuwa a Bukuru, a fili. Don Allah a taimaka.

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam ɗana. A lamba nawa ka ajiye dayal ɗin ƙarfin sauti? Maɓallin Auto Level a kunne yake? Kuma ina ka tsaya?

Ɗan Gangare: Baba, a kunne na bar shi, na ɗauka zai hutar da ni. Na tsaya gaba, daf da babbar sifikar hagu, don in ji murya sosai.

Baba Injiniya: To ga matsalarka nan guda biyu. Shi wannan maɓallin, in wuri ya yi shiru sai ya buɗe kunne, ya jawo janareto da fanka da hirar mutane, shi ne shuu ɗin da ka ji. Kafin ya ankara ya rage, mai kalangu ya riga ya buga. Kashe shi. Ka riƙe dayal da hannunka, idonka a kan mitar ƙarfin sauti da ke fuskar rikodar. Ƙarshen mitar shi ne 0, sautin da ya kai can an aske masa kai, ba ya tsirowa. Ni ina saita nawa ne yadda bugu mafi ƙarfi zai tsaya wajen -12 dB (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). In da ganguna da algaita a wasan, lokacin gwaji ina barinsa ƙasa da haka, wajen -18, don makaɗi ba ya buga ganga a gwaji yadda yake bugawa in an fara yi masa liƙi. Wannan tazarar ta sama ita ce ke cetonka.

Ɗan Gangare: Amma Baba in na rage haka ba zai yi ƙasa da yawa ba? Abin da nake tsoro ke nan tun farko.

Baba Injiniya: Wannan tsoron gadon zamanin kaset ne. A lokacin dole mu cika sauti don ya rufe shuu ɗin kaset. Yanzu ka sa rikodarka a tsarin fayil na WAV, bit 24, 48 kHz. Kowane bit ɗaya yana ba ka kusan dB 6 na tazara tsakanin sauti mafi ƙasa da mafi ƙarfi, ka ga bit 16 yana da kusan 96, bit 24 kuwa a lissafi ya kai 144. Fili ne mai yawa. Sautin da ya yi ƙasa, a kwamfuta za ka ɗaga shi cikin minti ɗaya. Awa ɗaya tana cin kusan giga ɗaya a memori, ka tanadi wuri. MP3 ka bar shi sai ranar da za ka tura wa mutane a waya.

Mai Miksa na Farin Gada: Ni shawarata ka daina wahalar da kanka da makirfon jikin rikoda. Je ka wajen mai miksa tun da rana, ka gaishe shi, ka roƙi layi guda daga jikin miksa, wato na'urar haɗa sautin wasan. Sauti tas, ba surutun jama'a. Sai dai ka sani abin da ke fitowa daga miksa ya fi ƙarfin abin da makirfo ke bayarwa nesa ba kusa ba. In za ka sa a ƙaramar rikoda, nemi wayar da ke rage ƙarfi, ko ka ce ya rage maka daga wajensa. Rikodar Tascam DR-40X tana karɓar layin miksa kai tsaye, ita nake ba mutane shawara.

Hajiya Mai Kyamara: Malam, ban ƙi taka ba, amma layin miksa shi kaɗai ya taɓa ba ni kunya. A ƙaramin ɗaki ba a sa wa ganguna makirfo, don ƙararsu ta isa. Na dawo gida da murya tsirara da fiyano, kalangun da ya tayar da mata rawa can nesa kamar a maƙwabta, guɗa ma babu. Tun daga nan biyu nake ɗauka, layin miksa da na ɗaki, in haɗa daga baya.

Mai Miksa na Farin Gada: Gaskiya ne Hajiya. Amma a faɗa masa wajen haɗawa ya daidaita su. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, in rikodarsa na mita goma daga sifika, na ɗakin zai makara da kusan kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa. Kaɗan ne a baki, amma kunne na jinsa kamar amsa kuwwa. Ya nemi bugun ganga guda mai kaifi, ya ja layukan biyu su hau kan juna.

Hajiya Mai Kyamara: Ƙanena, tunda na Bukuru a fili ne, abin da ya fi damuna iska ce. Ka san hunturun Jos, da magariba ta yi sai ta taso. Soson nan baƙi da ake sa wa makirfo ba ya tare ta. Nemi hular gashi, mai kama da jelar mage, ita ce maganin bubu ɗin nan. Ka kunna Lo Cut a 80 Hz, zai rage gunjin ƙasa, amma kada ka wuce haka, za ka yanke cikin babbar ganga. Kuma kada ka riƙe rikodar a hannu, motsin yatsa ma shiga yake. Ɗora ta a sanda, sama da kawunan mutane, a tsakiya kusa da teburin mai miksa, don daga nan shi ma yake sauraro yana gyarawa. Wayarka kuma ka kashe mata sabis ko ka nisanta ta, ita ke kawo tit-tit-tirrr ɗin nan in kira zai shigo.

Baba Injiniya: Batun janareto, a rarrabe abu biyu. Akwai ƙarar inji da ke zuwa ta iska. Wannan nisa ne maganinta: a fili, duk sanda ka ninka tazara, ƙara na raguwa da kusan dB 6. Ka roƙi masu taro su ja shi bayan gini, ka juya masa baya. Akwai kuma zuuu da ke biyo waya, a 50 Hz, don wutarmu a kan 50 take, da 'ya'yanta a 100 da 150. Yawanci tana shigowa ne in ka haɗa da miksa alhali rikodarka na jone da wata soket daban. Yi aiki da batir kawai, sababbi, da wasu a aljihu.

Auta: Yayyena, ba gara ya sayi rikoda mai tsarin 32-bit float ba? Irin Zoom F3 ko H1essential. Ba ruwanka da saita lebul, ko ya haura sai ka sauko da shi a kwamfuta.

Baba Injiniya: Auta, suna da kyau, na yi aiki da su. Amma fayil suke karewa, ba makirfo ba. In ka manna makirfo a bakin sifika ya ƙoshi har ya fashe, fasasshen za ta adana maka da kyau. F3 kuma ba ta da makirfo a jiki, sai ka saya daban. Wadda ke hannunsa ta isa wannan aikin, kada ya ci bashi.

Ɗan Gangare: Allah ya saka da alheri. To na Rayfield fa, shi ke nan ya tafi?

Hajiya Mai Kyamara: Kada ka goge. Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce. Nemi wurin da babu kiɗa babu magana, ko na daƙiƙa uku ne, ka nuna mata ta san hayaniyar, sannan ka rage kaɗan-kaɗan. In ka matsa, murya za ta koma kamar daga cikin randa. Inda ya fashe kuwa, manhajar iZotope RX na ɗan gyarawa in abin bai yi muni ba, ina da ita. Turo min minti biyu daga wuri mafi lalacewa in gwada. Ranar Asabar kuma ka ɗauki minti guda na wurin kafin a fara, zai yi maka amfani.

Baba Injiniya: Ƙarfe nawa za su yi gwaji? Gidana ba nisa. Zan zo da sanda da abin kunne mai rufe kunne gaba ɗaya, mu saita tare.

Ɗan Gangare: Ƙarfe huɗu suka ce, bayan la'asar, Baba. Hajiya, ga shi nan na turo, daga minti na 47 ne, inda kalangu uku suka shigo tare.