Zinari a ƙarƙashin gandun daji a Sudan: a ba kamfani haya ko a hana kowa?

Sani, daga Abu Hamad: Salamu alaikum. Ni dai ra'ayina, gara doka ta fito fili ta yarda a ba kamfanoni hayar wani yanki na gandun dajin gwamnati su haƙi zinari. Hanin da ake yi a takarda ya tsaya. Ku dubi gandun dajin Radom a Kudancin Darfur, tun yaushe aka killace shi, amma haƙa ake yi a wajajen Songo ba mai tsayarwa. Kamfani yana da ofis, ana iya kai shi ƙara. Wanda ya saɓo injin gano ƙarfe ya shiga daji da dare, wa zai kama shi?

Baba Alhaji, daga garin Mai Wurno: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka daɗe a hamada shi ya sa. Can ko ka tona rami ɗari ba itacen da ya faɗi. Mu nan bakin kogi muka tashi cikin dajin sunut, bagaruwarmu ta Hausa. Ruwa ya cika ya kwanta ƙarƙashin itatuwan wata da watanni, ya janye, mu bi da buhu muna tsintar 'ya'yan bagaruwa muna kai wa majema. Da katakonsa aka shimfiɗa layin dogo. Ana sara, ana shukawa, daji bai ƙare ba. Ramin zinari kuwa sau ɗaya ake cin sa.

Sani: Allah ya ƙara girma, Baba, amma da me ƙasa za ta ci? Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, zinari ne ya riƙe mu. Ni da shi nake ciyar da mutum tara.

Malam Idris, Gadarif: Ba wanda ya raina guminka, Sani. Matsalar tana cikin dokokin ne. Akwai dokar gandun daji ta 2002, hukumar gandun daji ke riƙe da ita. Akwai kuma dokar ma'adinai ta 2015, wadda ta tsaya a kan cewa abin da ke cikin ƙasa na hukuma ne, ma'aikatar ma'adinai ke ba da lasisi. Ɗaya na tsaron sama, ɗaya na sayar da ƙasa. In sun haɗu a fili ɗaya, mai kawo dala ake saurara. Kai kuma kana so a cire ɗan shingen da ya rage.

Hajiya Rabi, Damazin: Ku bar zancen takardu. Ƙanena ya yi shekara biyu a wurin niƙan dutse. Na je na gan shi da idona, hannunsa tsirara cikin kwano yana cuɗa laka da zaiba, sannan ya ƙona dunƙulen a cokali, hayaƙin na shiga hancinsa. Yau in ya ɗauki kofin shayi sai ya zube, hannun rawa yake yi. Kamfanin da Sani ke yabo kuwa shi ke zuwa ya saye karta, ragowar ƙasar da aka wanke, ya jiƙa ta da sayanaid, sinadari mai guba da ke fitar da sauran zinarin. Ruwan ina yake zuwa? Mutanen garin Talodi ba don nishaɗi suka tashi zanga-zanga kan kamfanonin zinari a 2019 ba.

Malam Idris: Haka ne, Hajiya. A shekarar majalisar ministoci ta sanar da hana zaiba da sayanaid.

Sani: To kun gani? An hana, har gobe ana sayar da zaiba a kasuwar masu haƙa kamar gishiri. Abin da nake faɗa ke nan, Yaya Rabi, hani ba ya aiki.

Hajiya Rabi: Wanda ya kasa hana sayar da kwalbar zaiba, shi zai tsaya kan kamfani mai motocin tona ƙasa ya ce ya cike rami ya shuka itace? 'Yan uwanmu a Zamfara sun binne yara fiye da 400 a 2010 saboda gubar dalma daga dutsen zinari da ake daka a cikin gida. Ni wannan ya ishe ni.

Baba Alhaji: Sani, amsa mini abu ɗaya. Gandun dajin Dinder tun 1935 aka killace shi, ga shi nan kusa da mu. In gobe injinka ya yi kuka a tsakiyarsa, shi ma a ba da haya?

Sani: A'a Baba, Dinder daban ne. Ban ce Dinder ba.

Baba Alhaji: To wanne ka ce? Faɗa mini sunan dajin, in tambayi makiyaya da masu tsagar ƙaro da ke ci daga cikinsa.